Zuciya na yawan zargina: in yi mata gardama ko in ƙyale ta?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum. Ana cewa in zuciya ta fara yi wa mutum gori, "ba ka iya komai ba", "kai ka ɓata lamarin", kada ya tanka mata, za ta lafa da kanta. Yaya ake ƙyalewar a aikace? Ba danne tunanin ba ne?

Malam_Sabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dannewa daban, ƙyalewa daban. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya hana mutane tuna farin beyar na minti 5. Suka kasa, da aka ɗage hanin kuma tunanin ya ƙara yawa. Mai danne tunani sai ya riƙa leƙawa ko ya tafi, leƙen ne ke dawo da shi. Gardama ma haka take: kin kawo hujja ɗaya, zuciya ta kawo wata.

In ya zo, ki ce a ranki "ga tunanin nan na cewa ban iya ba". Ki lura da inda jiki ya ɗaure, ƙirji ko wuya, ki sauke numfashi a hankali sau 3, ki koma kan abin da kike yi. Baƙo ne da ba a shimfiɗa wa tabarma ba, zai gaji da tsayuwa.

Yaya_Binta: Inda ake kuskure shi ne a ƙyale, sannan a tsaya dubawa ko ya tafi. An koma gidan jiya kenan. Kwanakin farko yana iya ƙara ƙarfi, wannan ba alamar gazawa ba ce. In ya nace, ki rubuta shi a takarda ki ware masa minti 15 kullum a lokaci guda, misali bayan La'asar, ban da dab da kwanciya. Sau da yawa kafin lokacin ya yi zafinsa ya ragu.

Abu_Safwan: Maganin da malamai ke bayarwa ga waswasi kenan, a yi watsi da shi. Hadisi a Bukhari da Muslim ya ce Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Sai dai in laifi ne na gaske, a ba da haƙuri ko a biya hakki, sau ɗaya ya isa.

Yaya_Binta: In kuma abin ya kai mako 2 da rashin barci, rashin cin abinci ko tunanin kashe kai, a ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Tunanin kashe kai kam ba a jira ko kwana ɗaya.