Kuɗin sulhu da kamfaninmu zai karɓa, akwai haraji a kansa?

Mai Casa, Gombe:

Assalamu alaikum. Ni da ƙannena biyu muna da kamfanin casar shinkafa, mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Bara tirelar wani kamfanin sufuri ta afka wa motarmu a hanyar Dadin Kowa, tana ɗauke da shanshera. Allah ya tsare direba da yaron mota, amma motar sai 'yan gwangwan, buhunan suka farfashe a kan kwalta, ruwan sama ya ƙarasa su. Watanni muka yi muna hayar mota.

Mun kai ƙara Babbar Kotun Jiha, yanzu sun nemi sulhu a kan naira miliyan 38 a dunƙule. Takardar da lauyansu ya aiko layi ɗaya ce, wai biyan duk asarar da muka yi. Ƙanena ya dage cewa diyya ba ciniki ba ce, gwamnati ba ta da kaso a ciki. Mai riƙe mana lissafi ya ce a'a. Ban sa hannu ba tukuna, kuma abin ya hana ni barci, don ba na so mu raba kuɗi sannan takardar haraji ta biyo baya.

Akanta, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Gara da ba ka sa hannu ba.

Mai haraji ba ya duba sunan da aka raɗa wa kuɗi, abin da kuɗin ya maye gurbinsa yake dubawa. Shansherar nan da ta iso lafiya, da kun cashe kun sayar, kuɗin ya shiga ciniki. To diyyarta ma nan za ta shiga. Kuɗin hayar mota da na lauya kuwa, in kun riga kun cire su daga ribar bara a matsayin kashe-kashe, yanzu da aka maido muku dole su dawo cikin lissafi.

Motar ce daban, ita kadara ce. Doka tana ɗaukar diyyar kadarar da ta salwanta kamar an sayar da ita. Za a duba nawa kuka saya, nawa kuka riga kuka ci rangwamen haraji a kanta, sannan nawa aka biya ku. A nan mutane ke mamaki: motar da aka saya kafin naira ta faɗi a 2023, diyyarta ta yau tana iya zarce kuɗin sayenta nesa ba kusa ba. A idonka ko sabuwa ba za ta saya maka ba, a takarda kuwa riba ce.

Don haka ka mayar wa lauyanka takardar a rarraba: kaza na mota, kaza na shanshera, kaza na haya, kaza na lauya. Kowane adadi ya samu shaida a bayansa, rasit, rahoton 'yan sanda, kimar da masani ya yi wa motar. In kuka bar shi a dunƙule, kun ba jami'in haraji damar ɗaukarsa duka a matsayin kuɗin shiga.

Hajiya Mai Kanti:

Malam Akanta ya yi bayani. Ƙari kawai, Alhaji: tunda kamfani ne, hukumar haraji ta tarayya za ku fuskanta, ba ta jihar Gombe ba. Ta tarayyar ita ce FIRS a da, ta koma NRS da sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki Janairun 2026. A da ribar sayar da kadara kashi 10 ake cira, yanzu ta kamfani ta koma kashi 30, daidai da ta ciniki. Amma an yafe wa ƙananan kamfanoni duka biyun, sai a duba cinikinku na shekara da kadarorinku a ga ko kun shiga sahun. Ko an yafe, sai kun miƙa lissafin shekara.

Mai Casa, Gombe:

Na gode ƙwarai. Akwai abin da ban faɗa ba. Lauyanmu ya ce miliyan 3 daga ciki kuɗin ruwa ne na jinkiri. Mu ba za mu ci wannan ba, mun yanke mu bayar da shi. Shi ma sai an biya masa haraji?

Akanta, Bauchi:

Za a lissafa shi, Alhaji, domin ya shigo asusun kamfani. Mai biyan ma yana iya zare kashi 10 tun daga can ya kai wa hukuma, ka tabbata ka karɓi shaidar hakan. Kyauta kuma ba kowacce ake cirewa daga riba ba, sai wadda aka ba cibiyoyin da doka ta amince da su. In zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, tunda sulhu ne ba hukunci ba, ku ce a cire shi daga yarjejeniyar baki ɗaya, ku tsaya a kan a biya ku cikakken kuɗin hayar motar da kuke da rasit ɗinsa.