Yadda za a fassara Zulassung da Fachinformation zuwa Ingilishi

Ɗan Katsinawa: Assalamu alaikum, malamai. Wani ɗan kasuwa a nan Maradi ya kawo mini takardun maganin da aka yi a Jamus, yana son in mayar da su Ingilishi domin abokin cinikinsa na Kano. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya, wato Zulassung da Fachinformation. Shin "registration" ta wadatar ga ta farkon?

Tsohon Tafinta: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka rubuta haka, domin a dokar magunguna ta Jamus, wadda ake kira Arzneimittelgesetz, Registrierung hanya ce dabam mai sauƙi da aka ware wa irin magungunan ganye na gargajiya, alhali Zulassung ita ce cikakken izinin sayarwa da BfArM, hukumar kula da magunguna ta Jamus da ke birnin Bon, take bayarwa, ko cibiyar Paul-Ehrlich idan allurar rigakafi ce. Ka sa "marketing authorisation", abin da muka sani da AMM a Faransanci.

Hajiya Mai Farmasi: Fachinformation kuwa takardar likitoci da masu farmasi ce, sunanta "Summary of Product Characteristics". Ƴar takardar da ke naɗe cikin kwali ita ce Packungsbeilage, wato "package leaflet". Ka kuma duba gefen kwalin, Malam: inda aka buga Ch.-B. lambar rukunin da aka sarrafa tare ce, "batch number", ba ranar lalacewa ba, wadda take biyo bayan "verwendbar bis".

Ɗan Katsinawa: Allah ya saka da alheri, Hajiya. To apothekenpflichtig fa?

Hajiya Mai Farmasi: Yana nufin a farmasi kaɗai ake sayar da maganin, amma ba sai da takardar likita ba.