Haidiro: wane suna za mu ba tashar Jebba?

1/ Duk wanda ya tsallaka gadar Jebba ya ga Dutsen Juju tsaye a tsakiyar kogin Neja. A duwatsun wannan wuri ne jirgin ruwan Dayspring ya fashe a 1857. Can sama da shi kaɗan akwai tashar wutar lantarki mai aiki da ƙarfin ruwa da aka buɗe a 1985, mai injina shida da ƙarfin megawat 578. Dutsen yana da sunansa. Tashar kuwa har yau kowa da yadda yake kiranta, injiniyoyi na cewa haidiro, mu kuma muna ta kame-kame.

2/ Da yawa kan ce madatsar ruwa ko dam, shi ke nan. Ban gamsu ba. Madatsa bango ce da ke tare ruwa. Tiga da Bakolori da Goronyo duk madatsu ne, amma don noman rani da ruwan sha aka gina su. Wanda ya ji "madatsar Jebba" bai san ana yin wuta a can ba.

3/ Gidajen rediyo kan ce "tashar samar da wutar lantarki ta hanyar amfani da ƙarfin ruwa". Ma'ana ta fita sarai, sai dai kafin mai karanta labarai ya kai ƙarshe numfashinsa ya ƙare. Ba mai faɗin haka a majalisa ko a aji.

4/ Wasu sun kawo "wutar ruwa", bisa yadda muke cewa wutar sola. Tana da daɗin faɗi. Matsalarta ita ce kunnen Bahaushe ya saba ruwa ne ke kashe wuta, sai yaro ya tsaya yana mamaki.

5/ Mu duba yadda aikin yake. Ana gina irin wannan tasha ne inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, kamar Jebba, ko Shiroro a kan kogin Kaduna. A tare ruwa ya taru ya yi tudu, a sake shi ta manyan bututu ya gangaro da ƙarfi, ya juya farfela, farfela ta juya janareto. Ba a ƙona gas, ba a ƙona dizal. Ruwan ma ba ya raguwa: wanda ya fito daga tashar Kainji, da ke sama da Jebba, shi ne ke sake juya injinan Jebba, sannan ya wuce ta gindin Dutsen Juju.

6/ Don haka ni zaɓina lantarkin ruwa, wurin kuma tashar lantarkin ruwa. Kalma uku, kuma tana haifar da 'yan'uwa: lantarkin rana, lantarkin iska, lantarkin gas.

7/ Ku gwada ta a jimla: "Kainji, mai megawat 760, ita ce tashar lantarkin ruwa ta farko mai girma a Najeriya, tun 1968." Ta zauna daram.

8/ 'Yan'uwa na Nijar, wutar Kainji na isa Yamai ta layin Birnin Kebbi, ga kuma madatsar Kandaji ana ginawa a ƙasarku. Ku faɗa mana ko wannan suna zai karɓu a Maraɗi da Damagaram, domin gara mu tsaya a kan kalma ɗaya.