Me ake nufi da abubuwa biyu suna cin gashin kansu a lissafin yiwuwa?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum. Ina aji ɗaya a ABU, jarrabawa ta matso, kuma muna ta musu da ƙawata. Ni na ce abubuwa biyu masu cin gashin kansu su ne waɗanda ba sa faruwa tare, kamar ɗan ludo ya ba da 2 kuma ya ba da 5 a jifa ɗaya. Ita ta ce a'a. Don Allah a raba mana gardama.

Malam na Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Ƙawarki ce da gaskiya. Ana cewa suna cin gashin kansu idan sanin ɗaya ya faru bai ƙara ko rage yiwuwar ɗayan ba. Ma'aunin shi ne: yiwuwar su faru tare ta zo daidai da yiwuwar na farko sau yiwuwar na biyu.

Ɗauki ɗan ludon naki. Ya ba da 2, 4 ko 6, yiwuwarsa 1/2. Ya ba da 1 ko 2, yiwuwarsa 1/3. Lambar da ta shiga duka biyun ita ce 2 kaɗai, wato 1/6, kuma 1/2 sau 1/3 ma 1/6 ne. Sun ci gashin kansu, alhali ga su sun faru tare! Misalinki kuwa akasin haka ne: da 2 ta fito kin san 5 ba za ta fito ba. Ɗalibai da yawa na rasa maki a nan, abin yana damuna.

Ɗan Ƙofar Doka:
Malam, a ba ni dama in ƙara. Zuba goro 5 a ƙwarya, fari 3, ja 2. Ki ɗauki fari ki ci, yiwuwar fari a ɗauka ta biyu ta sauka daga 3/5 zuwa 2/4. In kin mayar da shi kin gauraya, tana nan 3/5. Shi ya sa za ki duba ko tambaya ta ce an mayar.

Ɗalibar Samaru:
Na gode, Yaya. Malam, to in ɗan ludo ya ƙi ba da 6 sau goma a jere, ba ta kusa fitowa ba?

Malam na Tudun Wada:
Ko kusa. Muddin ɗan ludon ba shi da aibu, jifa ta 11 ma 1/6 ce.