Me ya sa Alaska ba ta hana farautar karibu ba alhali garken yana raguwa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar kula da namun daji ce. A arewa maso yammacin jihar Alaska ta Amurka akwai wani babban garken karibu, barewar nan ta ƙasashen ƙanƙara mai ƙaho rassa-rassa, wanda ya kai kimanin 490,000 a shekarar 2003, amma da aka ƙidaya shi a 2023 sai aka sami kimanin 152,000. Duk da haka hukuma ba ta rufe farautarsa ba, rage ta kawai ta yi. A kudu maso yammacin jihar kuwa, inda garken Mulchatna yake, an hana farautar karibu gaba ɗaya, har ma'aikata suka shiga jirgi mai saukar ungulu suna harbin beyar da kyarkeci. Da wane ma'auni ake yanke irin wannan hukunci, kuma ta yaya ake ƙidaya dabbar da ke yawo a jejin da babu ko hanyar mota?

Tsohon Malamin Daji:

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ƙidayar, domin a kanta komai ya doru. Ma'aikatan sashen kula da kifi da namun daji na jihar suna ɗaura wa wasu dabbobin garken abin wuya mai aika sigina. A ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli, idan iska ta kwanta aka sami ɗumi, sauro da ƙudaje sukan addabi karibu har su cure wuri guda dubbai-dubbai a kan tuddai ko a kan ragowar ƙanƙara, jiki na gogar jiki. A lokacin ne ake bin siginar a gano inda suke, jirgi mai ɗauke da kyamara ya bi ta samansu yana ɗaukar hoto, daga baya a zauna a ƙirga su daga hotunan. Shekarar da aka yi sanyi ko iska ta yi yawa, dabbobin ba sa taruwa, sai ƙidayar ta gagara.

Jimillar adadi kaɗai ba ta isa ba. Ana duba maza nawa ne da 'ya'ya nawa ne a kan kowace mace ɗari, ana kuma duba yawan manyan matan da ke mutuwa a shekara. Macen karibu ɗa ɗaya take haifa a shekara, kuma galibi sai ta shekara uku take fara haihuwa, alhali namiji ɗaya yana iya barbarar mata da yawa. Saboda haka harbin namiji bai cika taɓa makomar garke ba, amma wanda ya harbi mace ya kashe ta tare da duk 'ya'yan da za ta haifa. Shi ya sa a 2024 hukumar tsara dokokin farauta ta jihar ta sauya ƙa'idar a yawancin yankin daga karibu biyar a rana zuwa 15 a shekara, kuma mace ɗaya tak aka yarda a cikinsu.

Rufewa gaba ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin garuruwa da ƙauyuka kusan 40 ne suka dogara da wannan garke, irin su Kotzebue da Noatak da ƙauyukan bakin kogin Kobuk, inda kayan kanti ke zuwa ta jirgin sama ko ta ruwa a 'yan watannin da ƙanƙara ta narke. Kuma wannan garke ya taɓa faɗowa zuwa kimanin 75,000 a 1976, ya sake farfaɗowa.

Hajiya Mai Nazari:

Bayanin Malam ya gamsar a kan ƙidaya, amma ina so in tsaya a kan Mulchatna, domin a nan nake da ja. Garken ya kai kusan 200,000 a ƙarshen shekarun 1990, ya zube zuwa kimanin 13,000, aka rufe farautarsa a 2021. Jihar tana da wata doka ta 1994 wadda ta wajabta wa hukuma ɗaukar matakin ƙara yawan dabbobin da mutane ke ci idan sun faɗi ƙasa da adadin da aka tsara, kuma rage namun dajin da ke cin su yana cikin matakan. Da ita aka kafa hujja a bazarar 2023 aka kashe beyar kusan 100 a filin da garken ke haihuwa, kuma maganar ta kai kotu.

Damuwata ita ce, masu binciken sashen da kansu sun sami alamun rashin ƙoshi a jikin matan garken, da kuma cutar bakkale mai sa dabba ɓari. Abincin karibu na hunturu wani tsiro ne mai kama da gansakuka da ke shimfiɗe a ƙasa, wanda idan aka cinye shi ko gobara ta ƙone shi yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya dawo. Haka kuma idan ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare, dabba ba ta iya fasa shi da kofato ta kai ga abinci. Tsibirin Saint Matthew na Alaska ya nuna iyakar abin: an kai dabbobi 29 irin karibu a 1944, babu kyarkeci, babu beyar, suka kai 6,000 a 1963, suka cinye makiyayar, hunturu mai tsanani ya zo, a 1966 saura 42. Idan makiyaya ce ta gaza, ɗan da aka ƙwato daga bakin beyar a watan Mayu yunwa ce za ta ɗauke shi a watan Fabrairu.

Ɗan Maharba:

Hajiya, ina girmama ra'ayinki, sai dai tsibirin da dabba ba ta da inda za ta ƙaura ba daidai yake da jeji mai faɗin gaske ba. Idan garke ya ragu ƙwarai, masu cin nama kaɗan ma suna iya danne shi ya kasa tashi, domin yawancin 'ya'yan da ake asara a makonnin farko na haihuwa ake cinye su. Garken Fortymile da ke gabas, kusa da iyakar Kanada, ya ragu zuwa 'yan dubbai a shekarun 1970. Daga 1997 aka riƙa yi wa manyan kyarketai na kowane gungu aikin hana haihuwa ana kwashe sauran zuwa wani wuri, aka kuma rage farauta, garken ya yi ta hauhawa har ya kai wajen 80,000 a 2017. Na yarda ba za a iya raba rawar da rage kyarketai ta taka da ta shekarun da yanayi ya yi kyau ba. Na kuma yarda cewa da garken ya cika, alamun yunwa sun bayyana, har hukuma ta ƙara yawan abin da aka yarda a harba don a rage shi. Amma wannan ya nuna mafarauci ma kayan aiki ne a hannun hukuma, ana sassauta masa ko a ɗaure shi gwargwadon halin makiyaya.

Lauyan Gefe:

'Yan'uwa, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato wane ne ke da haƙƙin yin farautar. Dokar tarayya ta 1980 kan filayen Alaska ta fifita mazauna karkara masu farauta don ci. A 1989 kotun ƙolin jihar ta ce wannan fifiko ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, wanda ya mai da namun daji mallakar kowa. Tun daga 1990 sai aka koma tsari biyu: gwamnatin tarayya tana tsara farautar abinci a filayenta, waɗanda suka kai kusan kashi 60 cikin ɗari na jihar, ita kuma jiha tana da nata dokoki a sauran wuraren. Mafarauci yana iya haye kogi ɗaya ya tarar ƙa'ida ta sauya.

A ƙarƙashin wannan tsari ne a 2022 hukumar tarayya ta rufe wasu filaye na yankin Noatak ga baƙin mafarauta a watannin Agusta da Satumba. Mutanen Inupiyat, 'yan asalin yankin, suna da tsohuwar ƙa'ida cewa a bar na gaban garke su wuce kafin a fara harbi, domin idan aka firgita su sauran sukan sauya hanya, kuma kukansu shi ne ƙananan jiragen da ke sauke baƙi a kan hanyar ƙaura suna karya wannan ƙa'ida. Su ma baƙin akwai dokokin da suka ɗaure su: wanda ya sauka daga ƙaramin jirgi ba zai harbi karibu ba sai bayan ƙarfe uku na daren da ya biyo, kuma dole ya kwashe naman kafin ya ɗauki ƙaho.

Tsohon Malamin Daji:

Gaskiya ne, Barista, sai dai a lura cewa abin da baƙi ke harbi ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na mazauna yankin, kuma kusan duka maza ne, don haka jihar ta yi adawa da rufewar. Rigimar Noatak ta hanyar da garke ke bi ce da lokacin da yake isowa ƙauyuka, kuma a shekarun nan abin wuyan yana nuna cewa dabbobin suna makara wajen haye kogin Kobuk, wasu ma ba sa hayewa sam.