Waɗanda suka bar ƙwaya, yaya kuka yi da kwanakin farko?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum. Yau kwanana tara ban sha tramol ba. Shekara uku ina kai, tun da na fara tuƙin adaidaita sahu nake haɗiyar mai miligiram 225 don in jure wuni a titi. Yanzu dare ba barci, ƙafafuna kamar kiyashi na yawo a cikin ƙashi, ga gumi ga gudawa. Don Allah waɗanda suka wuce nan, yaya kuka yi?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena. Ni kodin ne, kwalba biyu a rana, in juye a robar lemo don kar a gane. Da gwamnati ta hana shi a 2018 kuɗinsa ya tashi, ban fasa ba, har keken ɗinkin matata na sayar. Ciwon jikin nan zai sauka. Abin da ya kayar da ni har sau biyu majalisa ce. Ka yi wata guda lafiya lau, ka je ku gaisa kawai, a miƙo maka. A karo na uku na canza layin waya, na daina bin lungun bayan la'asar. Shekarata huɗu ke nan.

Maman Ummi: Ɗana muka kai gidan mari, ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, bai rufa wata ba ya koma. Har yau abin yana cina. A asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ya samu sauƙi, a can likita ya ce mana wanda ya daɗe yana shan tramol ragewa ake yi a hankali. Ɗana, ka je likita ya duba ka, kar ka zauna a ɗaki kai kaɗai.

Wata Baiwar Allah: Mu mata ba a ma zancenmu. Bayan aurena ya mutu wata ƙawa ta fara ba ni a gidan biki. Ranar da na faɗa wa yayata ina kuka, ita ta riƙe kuɗina da wayata wata biyu. Na koma sau ɗaya, ba ta gaya wa kowa ba, washegari muka sake lissafi daga ɗaya.

Ɗan Kurna: Na gode, Allah ya saka. Mama, Hajiyarmu ba ta sani ba, zazzaɓi take zaton ina yi. Yau bayan isha'i zan faɗa mata. Litinin yayana zai raka ni Dawanau.