Sindirom: Suna Ne Na Gaskiya Ko Rufa-Rufar Likitoci?

Abu Sadik: Jama'a ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. Na daɗe ina fama da ciki. Yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita, ga murɗa, ga kumburi. An ɗebi jini, an auna bayan gida, an yi hoto, har kyamara aka zura mini. Wai komai lafiya lau. Ƙarshe likita ya ce IBS ce, wai wata matsalar hanji, "sindirom ce, ba irin cutar da za a nuna maka a hoto ba." Na ce me ke kawo ta? Ya ce ba a gama sani ba. To ni na gano bakin zaren. In likita ya san abu sai ya ce cuta, in bai sani ba sai ya ce sindirom. Jahilcinsu suke rufewa da babban suna. Mai ja ya fito.

Maman Hanifa: Allah ya ba ka lafiya, Malam. Amma jahilci ya yi nauyi. Mutumin da ya buɗi baki ya ce maka "ba a gama sani ba" ai gaskiya ya gaya maka.

Nas Bilkisu: Wa kake kira jahili? Mutum ya kwashe shekaru yana karatu, yana kwana a tsaye kan marasa lafiya, kai ka zauna da waya ka ce masa jahili? Ka janye.

Abu Sadik: Ban ce shi jahili ba ne. Na ce jahilcinsu.

Nas Bilkisu: Mai jahilci sunansa me?

Likitan Gobe: Bari in shigo. Sindirom tarin alamu ne da aka lura suna zuwa tare, sau da yawa, a jikin mutane daban-daban, har aka ba su suna guda. Cuta kuma galibi ana nufin an san abin da ya lalace a jiki ko abin da ya jawo lalacewar. Wannan shi ne abin da ake fara koya mana. Amma maganar Abu Sadik tana rushewa da misali ɗaya: ƙanjamau. Harafin ƙarshe na AIDS sindirom yake nufi. A watan Yunin 1981 aka fara ba da rahotonta a Amurka, kan wasu maza biyar a Los Angeles, aka raɗa mata suna a 1982 tun ba a san musabbabi ba. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Paris suka gano ƙwayar da daga baya aka kira HIV. Yau an san ƙwayar, an san yadda take karya garkuwar jiki, akwai magungunan da ke danne ta, kuma sunan bai canja ba. Wane jahilci ake rufewa a nan?

Baban Zaure: Yaro, a riƙa sallama kafin a fara lacca. Abu Sadik ya girme ka.

Abu Sadik: Ai ka ƙara mini hujja ne ma. Da bakinka ka ce sun sa sunan tun ba su san musabbabi ba.

Malam Tanimu: Ni matsalata da kalmar ce. Jahilci daban, rashin sani daban. Jahili shi ne wanda ilimin yana nan bai nema ba, ko aka ba shi ya ƙi. Abin da duk duniya ba ta kai gare shi ba, ba a ce wa mutum ɗaya jahilinsa.

Hajiya Turai: A'a Malam, wannan rarrabewar taka ce. Wanda bai san abu ba ya jahilce shi, ko laifinsa ne ko ba laifinsa ba.

Malam Tanimu: To Hajiya, ke kin san ranar da za ki mutu? In ce miki jahila?

Hajiya Turai: Subhanallahi. Me ya kawo maganar mutuwata a nan? Baban Zaure kana gani.

Sani Mai Kemis: Ku bar wannan. Bambancin mai sauƙi ne, cuta tana warkewa, sindirom ba ta warkewa. Shi ke nan.

Likitan Gobe: Ba haka ba ne. Ciwon suga cuta ne, kuma lallaɓa shi ake yi. Sindirom ɗin Guillain-Barré kuwa, mai taɓa jijiyoyi, tana iya kwantar da mutum har ya kasa tafiya, amma mafi yawan masu ita suna farfaɗowa.

Sani Mai Kemis: Kai da ko allura ba a fara ba ka ka yi ba. Daga Google kake kwasowa.

Nas Bilkisu: Gara mai kwasowa daga Google da mai sayar da magani ba takardar likita.

Sani Mai Kemis: Wa kika taɓa gani na sayar wa? Kawo shaida ko ki goge.

Dakta A.: Assalamu alaikum. Ban so shiga ba, amma an turo mini. Abu Sadik yana da rabin gaskiya. Sau da yawa sunan sindirom yana zuwa ne kafin a gano musabbabi. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa kalmar cuta tana nufin an gama sani. Alois Alzheimer ya bayyana cutar mantuwar da ke ɗauke da sunansa a 1906, ana ce mata cuta, kuma har yau ana gardama kan ainihin abin da ke tayar da ita. Cutar Kawasaki ta yara, wadda wani likitan Japan ya bayyana a 1967, ba a san musabbabinta ba. Mafi yawan masu hawan jini ma ba za a iya nuna musu dalili guda ba.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na Cushing. Idan sinadarin kotisol ya yi yawa a jiki na tsawon lokaci, fuska tana kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, fata ta yi laushi, suga da jini su hau. Wannan tarin alamun shi ne sindirom ɗin Cushing, ko mene ne ya kawo shi: daɗewa ana shan magungunan sitiroyid, wanda shi ya fi yawa, ko ƙari a ƙullin da ke saman ƙoda. Idan kuwa ƙari ne a ɗan ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya jawo, sai a ce cutar Cushing. Alamu iri ɗaya, hanyoyi da yawa, magani kuma ya danganta da hanyar.

Ita IBS ba a bakin banza ake faɗinta ba. Akwai ƙa'idojin Rome da likitoci ke bi wajen gane ta, bugu na huɗu ya fito a 2016: ciwon ciki aƙalla kwana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, mai alaƙa da aƙalla biyu cikin ukun nan, wato yin bayan gida, sauyin yawansa, sauyin kamanninsa, kuma abin ya fara aƙalla wata shida da suka wuce. Gwaje-gwajen da aka yi maka don a kore abubuwa masu haɗari ne. Akwai abin da ake yi wa mai ita, ta fuskar abinci da magani da rage damuwa. Ka koma ka tambaya.

Abu Sadik: "Rabin gaskiya." Kun ji dai. Likita da kansa ya yarda.

Dakta A.: Ka karanta sauran.

Hajiya Turai: Dama likitoci bakinsu ɗaya. Ko me aka ce sai sun kare juna.

Likitan Gobe: Ga wani misalin. Cutar Down, John Langdon Down ya bayyana ta a 1866, a 1959 aka gano a Faransa cewa ƙarin kuromosom ne, wato ƙunshin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, a lamba ta 21, guda 47 maimakon 46. An sani sarai, kuma sindirom ake cewa.

Maman Hanifa: Ɗana, gyara maganarka. Kada ka ƙara cewa cutar Down. Ina da yarinya mai wannan lalurar, tana zuwa makaranta, tana wasa, tana tsokanar yayyenta. Ba ta kwance. Haka Allah ya halicce ta. Ranar da zazzaɓi ya kama ta, ranar ce take da cuta.

Likitan Gobe: Mama ba da wata manufa na faɗa ba, a littafi ana lissafa ta cikin...

Maman Hanifa: Littafin ne ya raine ta?

Malam Tanimu: Lalura ta fi dacewa. Amma ita ma lalura ai buƙata take nufi a asali.

Hajiya Turai: Malam ya dawo. Kowace kalma sai ya fasa ta ya ga cikinta.

Sani Mai Kemis: Ni har yanzu ina jiran Bilkisu ta kawo shaida.

Nas Bilkisu: Ka yi ta jira. Shi ma wancan bai janye jahilci ba.

Abu Sadik: Ba zan janye ba. Ni ke kwana da ciwon, ba ku ba.

Baban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta a taƙaice, ba tare da son kai ba. Aminina Abu Sadik ya kawo magana mai ma'ana, kuma Dakta, Allah ya saka masa, ya tabbatar cewa sukan sa sunan sindirom kafin su san musabbabi. Har ya ƙara mana da cewa wasu da suke kira cuta ma ba su san kansu ba, wato abin ya ma fi yadda Abu Sadik ya zata. Misalan da ɗalibinmu ya jero na ƙanjamau da sauransu ban bi su duka ba, sun yi tsawo, kuma mun ga inda gaggawa ta kai shi har ya ɓata wa Maman Hanifa rai. Ya ba ta haƙuri ta akwatin sirri. Kalmar jahilci kuwa, mai ciwo ba a kama shi da lafazi, don haka babu batun janyewa. Malama Bilkisu ta goge abin da ta faɗa kan Sani kafin safiya, in ba haka ba zan cire ta na mako guda. Na rufe rubutu sai gobe.